Sunan da Ke Kan Ƙofar Asibitin Kafanchan

Duk matafiyin da ya bar garin Kafanchan ya nufi Kwoi, ya ratsa tsakanin gonakin citta da duwatsun da suka yi wa ƙasar ado, ba zai jima yana tafiya ba zai iske Fadan Kagoma, mazaunin sarkin mutanen nan da Hausawa suke kira Kagoma, alhali su a bakinsu Gwong suke kiran kansu. Ba babban birni ba ne, kuma ba ya cikin garuruwan da marubuta tarihin dā suka damu da ambatonsu. Amma ranar Alhamis 20 ga Disamba 2012, garin ya ɗauki taron da bai taɓa ɗaukar irinsa ba, domin Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan da gwamnoni da sarakuna da limaman addinai biyu duk sun hallara a can don jana'izar wani ɗan garin, Patrick Ibrahim Yakowa, mutum na farko daga kudancin Kaduna, kuma Kirista na farko, da jama'a suka zaɓa ya mulki jihar. A can aka binne shi, a ƙasar da aka haife shi shekara 64 kafin wannan rana.

Abin da nake nufin bi a nan shi ne yadda aka karrama shi bayan rasuwarsa, da kuma dalilin da ya sa karramawar ta yi nauyin da ta yi a zukatan mutanen wannan yanki. Gama sau da yawa abin da al'umma take tunawa idan ta ɗora sunan mamaci a kan gini ya fi mamacin kansa tsawon tarihi.

Kowace al'umma da irin hanyarta ta girmama waɗanda suka tsaya mata wajen neman haƙƙi. Mutanen Amurka, da suka tashi tunawa da Martin Luther King, malamin cocin nan da ya jagoranci baƙaƙen fata wajen neman daidaito har aka harbe shi a birnin Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968, sai suka keɓe masa ranar hutu a kowace shekara, wadda aka fara kiyayewa a 1986, suka sa sunansa a ɗaruruwan tituna, daga bisani kuma a 2011 suka kafa siffarsa a birnin Washington, an sassaƙa ta daga dutse mai tsawon ƙafa 30, yana tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji. Mu a ƙasar nan tamu ba mu gāji wannan ɗabi'a ba. Malamanmu sun daɗe suna ƙyamar sassaƙa surar ɗan Adam a kafa ta a bainar jama'a, don gudun kada girmamawa ta zarce haddi ta koma wani abu dabam, saboda haka galibi abin da muke yi shi ne mu ɗora sunan mutum a kan abin da jama'a ke amfana da shi, ko makaranta ko hanya ko gidan magani, wanda ya fi kusa da ma'anar sadaka mai gudana. Malam Aminu Kano, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa wa talaka cewa shi ma mutum ne, da ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 ba a kafa masa gunki ba. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja, inda kabarinsa yake, aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, aka kuma sa sunansa a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri da bulala saboda neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, asibiti aka sa wa sunanta a Zariya.

Wani abin ban mamaki shi ne, ƙasar da Kagoma take ciki ita ce ta fi kowace ƙasa a wannan sashe na Afirka daɗewa da sanin sassaƙa siffar mutum. Ƙauyen Nok, wanda aka fara tono kawunan yumɓu a cikinsa wajen haƙar kuza a 1928, yana nan maƙwabtaka a ƙasar Jaba. Kuma shahararren kan nan da ake kira kan Jama'a, wanda ya kai hannun Bature Bernard Fagg a 1943, an ruwaito cewa wanda ya tsince shi sai da ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumi mai korar ɓarna kafin a gane cewa ya haura shekara dubu biyu a duniya. Ba mu san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙera waɗannan kawuna dominsu ba. Siffa ta wanzu, suna ya ɓace. Mu kuwa yanzu sai muka juya al'amarin, muna riƙe suna muna barin siffa.

To, kafin a fahimci abin da sunan Yakowa yake ɗauke da shi, wajibi ne a koma baya. A farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadi, aka kafa masarautar Jama'a, wadda ake kira Jama'ar Dororo, tana biyayya ga Zazzau, kuma tsakaninta da ƙabilun da ke zaune a kan duwatsu da cikin kurmi akwai ciniki da cuɗanya, akwai kuma hari da kamun bayi, wanda ba ya halatta ga mai rubuta tarihi ya ɓoye shi don kunya. Wasu sun miƙa wuya suna ba da gandu, wasu kuwa, irin su Kagoro, duwatsunsu sun kāre su ba a ci su ba. Da Turawa suka zo suka shimfiɗa mulkinsu ta hannun sarakuna, sai suka tabbatar da ikon masarautu a kan jama'u da yawa waɗanda dā ikon bai kai gare su sosai ba, suka bar ƙasashe uku kawai, wato Kagoro da Jaba da Marwa, a hannun sarakunansu na gado. Sauran kuwa hakimin da ke karɓar harajinsu, da alƙalin da ke yanke musu hukunci, da dogarin da ke tattara su aikin tilas, duk ba daga cikinsu aka fitar da su ba, kuma ba da al'adarsu ake yi musu shari'a ba. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso, Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal take rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos. A 1933 Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo Kafanchan, garin ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta Nijeriya.

A wannan zamanin ne wani abu ya faru wanda Turawan mulki ba su yi lissafinsa ba. Da yake sun hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin biranen Musulmi, sai suka sake musu hanya zuwa ga waɗanda ba Musulmi ba, mishan ta Sudan Interior ta kafa tasha a Kwoi tun 1910, daga baya ta kai Kagoro, limaman Katolika su ma suka biyo da makarantunsu. Yaran da iyayensu ke gudun hakimi su ɓuya a dutse, sai ga su sun iya karatu da lissafi da rubuta takardar koke, kuma mutum idan ya iya rubuta kukansa da hannunsa ya aika wa Razdan, ba ya sake komawa yadda yake dā. A 1946 Katafawa suka yi bore a ƙasar Zangon Kataf, suka ƙi biyan haraji da aikin tilas, suna neman a naɗa musu nasu. Aka kama shugabanninsu aka ɗaure. Shekara guda kafin haka, a 1945, an naɗa Malam Gwamna Awan sarautar Kagoro, wanda ya yi karatun mishan, ya kuma shekara 63 a kan gado har rasuwarsa a 2008, fadarsa ta zama inuwar masu wannan ra'ayi. A 1949 aka kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba ta Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama ƙungiyar Tsakiyar Nijeriya, daga bisani jam'iyyar da Joseph Tarka ya shugabanta ta gāje ta, tana neman a yanka musu jiha tasu. Da Ingila ta aiko da hukumar Sir Henry Willink a 1957 don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, mutanen kudancin Zariya, wato kudancin Kaduna na yau, sun gabatar da ƙorafinsu a gabanta. Amma rahotonta na 1958 bai yarda da ƙirƙirar jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. Haƙƙi ya shiga takarda, hakimi yana nan inda yake.

Ba zan tsawaita a kan shekarun fitina ba, domin waɗanda suka gan su suna raye, kuma kowane ɓangare yana da kaburburansa. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf a 1992 ya fi shi muni. A 1999 aka sake zub da jini a Kafanchan kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. A 2000 kuma birnin Kaduna ya kama da wuta kan batun shari'a. A tsakanin waɗannan masifu ne hukuma ta fara amsa kiran da aka yi tun 1946: gwamnan soja Kanar Lawal Ja'afaru Isa ya ba Atyap, wato Katafawa, da Bajju, wato Kaje, sarautunsu a 1995, Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi ya ƙara masarautu masu yawa bayan ya hau, kuma a cikin wannan zamani ne mutanen Gwong su ma suka sami sarki nasu mai laƙabin Kpop Gwong, wanda ba ya ƙarƙashin kowa sai gwamnatin jiha. Saura abu guda. Shekaru da dama, al'ada ta zaunu cewa arewacin jihar ke ba da gwamna, kudanci ya ba da mataimaki, kamar yadda James Bawa Magaji ya yi wa Dabo Lere, Stephen Shekari ya yi wa Makarfi. Har ya zama kamar wata doka ce da ba a rubuta ba.

Shi Yakowa, gaskiyar magana, ba ɗan gwagwarmaya ba ne irin su Malam Aminu ko Tarka, kuma wanda ya siffanta shi da haka ya yi masa ƙarin da bai nema ba. Ba a taɓa ɗaure shi don ya yi wa hukuma tsaurin ido ba, ba a san shi da hawa mumbari yana tsuma jama'a ba. An haife shi ranar 1 ga Disamba 1948, ya yi karatu a makarantar Katolika ta St. Mary da ke Fadan Kaje, ya wuce kwalejin St. John ta Kaduna wadda yau ake kira Kwalejin Rimi, ya sami digiri a Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, sa'an nan ya shiga aikin gwamnati ya bi matakalarsa ɗaya bayan ɗaya da haƙuri irin na ma'aikatan wancan zamani: babban sakatare, kwamishina, ministan ma'adinai a ƙarshen mulkin Janar Abdussalami Abubakar a 1999, sakataren gwamnatin jiha a 2003. Laƙabin Sir da ake sa masa na ɗariƙar Katolika ne, ba irin wanda Sarauniyar Ingila ta ba Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba. Sauran al'amarinsa kuwa ƙaddara ce ta yi ta buɗe masa ƙofa ta hanyar da ba wanda zai roƙa: Shekari ya rasu a 2005, aka ɗauko shi ya zama mataimakin gwamna, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, aka kira Gwamna Namadi Sambo Abuja ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ranar 20 ga watan aka rantsar da Yakowa gwamna.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce gado ya ci. Amma a watan Afrilu 2011 ya tsaya zaɓe da kansa, a cikin mako mafi duhu da jihar ta gani, bayan tarzomar da ta biyo zaɓen shugaban ƙasa, inda aka kashe ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da wasu garuruwa, akasarinsu a can kudu Hausawa da Fulani Musulmi waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, aka ƙone majami'u da gidajen Kirista a arewacin jihar, kasuwar Kafanchan ta zama toka, waɗanda suka tsira kuma suka yi zaman gudun hijira a sansanin alhazai na Mando. An ɗage zaɓen gwamna zuwa 28 ga watan, ya ci, kuma ba zai yiwu ya ci ba sai da ƙuri'un Musulmi masu yawa daga arewa. Magoya bayansa sun ɗauki sunansa sun yi masa kirari da Hausa, suna cewa Yakowa na kowa, shi kuma ya riƙi kalmar da gaske har ta jawo masa zargi ta fuska biyu: wasu daga cikin danginsa suna ganin ya cika lallashin arewa, bai rama musu shekarun da suka yi a baya ba, wasu kuma a arewa ba su taɓa sakin jiki da shi ba ko da ya yi me. Ya kafa kwamitin sulhu, ya raba ayyukan hanyoyi a shiyyoyin jihar uku, ya sha fama da hare-haren bam a majami'u a watan Yuni 2012 da ramuwar gayyar da ta biyo baya. A ganina, wanda aka zarga daga dama da hagu a irin wannan hali, akwai alamar yana tsaye ne a tsakiya, ko da yake wata 31 ba su isa a yanke wa mai mulki hukunci ba.

Ajali ya same shi nesa da gida. Ranar Asabar 15 ga Disamba 2012, yana dawowa daga jana'izar mahaifin Oronto Douglas, mai ba shugaban ƙasa shawara, jirgin sama mai saukar ungulu na sojan ruwa da ya ɗauko shi daga Okoroba a jihar Bayelsa zuwa Fatakwal ya faɗi a cikin kurmi ya kama da wuta, mutum shida da ke ciki ba wanda ya fita, har da Janar Andrew Owoye Azazi. Washegari aka rantsar da mataimakinsa Mukhtar Ramalan Yero. A wurin jana'iza, Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, ya yi huɗubar da ta tsaya a kan tarihin wariyar da mutanen kudu suke kuka da ita da kuma yadda mamacin ya tsallake ta, huɗubar da wasu suka yaba, wasu suka ga ba wurinta ba ne, aka yi makonni ana muhawara a kanta a jaridu.

Sa'an nan aka zo ga karramawa, aka kuwa bi sunnar da jihar ta saba. Kaduna ta daɗe tana rubuta tarihinta a ƙofofin asibitoci: babban asibitin birni yana ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista ɗan Wusasa wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, na Kakuri yana ɗauke da sunan Gwamna Awan, na Zariya, kamar yadda ya gabata, Gambo Sawaba. Sai aka ɗora sunan Sir Patrick Ibrahim Yakowa a kan babban asibitin Kafanchan. Wanda ya zaɓi wannan wuri, ko da niyya ko ba da niyya ba, ya dace, domin a garin da unguwanni suka rabu bisa addini, har kasuwa ma ta so ta rabu bayan gobarar 2011, asibiti yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bafulatana da Bakajiya da matar Kaninkon za su kwanta a gado kusa da gado, kowace tana jiran haihuwa, masu jinyarsu suna aron tabarma da ruwan zafi a tsakaninsu. Haka kuma a birnin Kaduna, wanda kogi ya raba shi biyu tun bayan 2000 har masu barkwanci suke kiran arewacinsa Makka kudancinsa Urushalima, an sa sunansa a kan sabuwar hanyar da ta taso daga wajen matatar mai ta bi ta Kamazo ta haye kogin a kan sabuwar gada. Yau direbobi da 'yan acaɓa suna ambaton Yakowa sau da yawa a yini, ciki har da yaran da ba su yi wayo ba lokacin da ya rasu.

Akwai mas'ala guda da take damuna a cikin wannan al'amari, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Mutanen da suka fara ɗaga murya, wato dattawan da aka ɗaure a 1946, da malaman makarantun mishan da suka rubuta koke a gaban hukumar Willink da fitilar aci-bal-bal, mafi yawansu sun tafi ba allo ba alama, sai abin da jikokinsu ke riƙe da shi a ka. Wanda ya shiga ta ƙofar shi aka rubuta, waɗanda suka shekara sittin suna ƙwanƙwasa ta an bar su. Wannan ba laifin Yakowa ba ne, ɗabi'ar hukuma ce a ko'ina, ta fi son karrama wanda ya zauna a kujerarta bisa wanda ya tsaya a gabanta yana jayayya. Hasali ma ina zaton mutanen Kagoma da Kagoro da Zonkwa, idan sun karanta sunan nan a bakin asibiti, ba mutum ɗaya suke gani ba.

Ba kowace alama ce kuma take samun irin wannan karɓuwa ba. A 2016, bayan wakilan al'ummomin ƙananan hukumomi biyar na kudancin jihar sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, an kafa wani babban allo a Samarun Kataf wanda a kansa al'ummomin suke neman gafarar juna bisa abin da ya wuce, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya je ya buɗe shi. Ba a jima ba wasu suka farfasa shi, kashe-kashe kuma suka ci gaba a ƙauyuka. Allon neman afuwa bai kai labari ba, amma ban ji wanda ya nemi a kankare sunan da ke ƙofar asibiti ba, daga kowane ɓangare.

Kujerar gwamna ta koma arewa tun ranar 16 ga Disamba 2012, kuma har yanzu ba ta sake komawa kudu ba. Nuhu Bajoga da Barnabas Bala Bantex da Dokta Hadiza Balarabe, waɗanda suka fito daga kudu, duk mataimaka suka yi. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kafa cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan, abin da mutanen yankin suka daɗe suna roƙo don su huta da ɗaukar majiyyaci zuwa Jos ko Kaduna ko Abuja, gwamnatin jiha kuma ta miƙa mata wannan asibiti mai sunan Yakowa don ya zama mazauninta. Kabarinsa kuwa yana can Fadan Kagoma, kuma idan Disamba ta kewayo, lokacin da hunturu ya sauka, manoma suka tone citta suka shanya ta a kan duwatsu, iyalansa da abokan aikinsa sukan taru a coci su yi masa addu'a.